Ɗanyen Lemun Kawu Kailu

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Gobe samfurin bincikena na mako na shida zai iso daga gonar Kawu Kailu, yayan Inna. 'Ya'yan lemu ƙanana, ko girman goruba ma ba su kai ba. A wannan girman ne ƙwayoyin halittarsu ke ta rabuwa, DNA da RNA suka fi yawa a kowane giram, daga nan sai su yi ta raguwa. In makon nan ya wuce ni, binciken digirina sai baɗi.

Talata, 7 ga Mayu
Tashar mota ta Adjamé. Na buɗe kwali a gaban direba, sai ga lemu nunannu, manya, babu ko ƙanƙara. Nan take na kira Kawu.
Wai, "Adawiyya, wancan karon 'yan tasha dariya suka yi mini. In aiko wa 'yar ƙanwata ɗanyen lemu tsaraba? Ai abin kunya ne."
Na zazzaga masa faɗa da Faransanci, wanda ba ya ji sosai. Ya ce "To," ya kashe.

Laraba, 8 ga Mayu
Inna ba ta kula ni, saboda faɗan da na yi wa yayanta. Lemun yana da zaƙi, abin haushi.

Alhamis, 9 ga Mayu
Da hantsi aka yi sallama a gidanmu na Treichville. Kawu ne, rungume da kular ƙanƙara, gaban rigarsa jagab. Awa huɗu a kan cinyarsa, ya hana a sa a but ɗin mota, duk inda mota ta tsaya ya sauka neman ƙanƙara. Ɗanyun lemu arba'in cif, daga rassan da na ɗaura wa jan zare.
"Ga tsakuwarki nan, likita."
Na fizga na ruga labo, ɗakin gwajinmu, ko ruwa ban ba shi ba.

Asabar, 11 ga Mayu
Sakamako ya fito! RNA bai lalace ba, layuka biyu tas a hoton gwaji. Na zauna a ƙasa na yi kuka, Sakinatu abokiyar aikina tana ta dariya. Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta. Kawu tun jiya ya koma.

Lahadi, 12 ga Mayu
Ban kira shi ba tukuna, ban san da wane baki zan fara ba. Samfurin mako na goma dai ni zan je in tsinko da kaina, har in kwana biyu. Na ce wa Inna saboda ƙanƙara ne.