Lemun Bintu a Bokitin Fenti

Litinin, 9 ga Fabrairu, 2015
Mun dawo Wuro Patuji. An kwashe ƙofofi da katifu, amma mun dawo da ranmu, na gode wa Allah. Gidan maƙwabciyata Bintu a kulle, tun ranar da muka guje wa masu bindiga suna Yola. Sai ga Baba Kwaji, tsohon da ya ƙi gudu, ya rungumo bokitin fenti da ɗan lemun tsaminta a ciki. Wai da ruwan wanke kwanonsa ya raya shi. Daga gidan mahaifinta a Bama ta kawo irin, gidan kuwa yanzu babu shi. Na yi kuka, tsohon ya ce in bar ɓata ruwa.

Asabar, 14 ga Fabrairu
Na sa bokitin a ɗaki, bayan sabuwar ƙofa, kusa da jakar gudu. In an sake jin harbi, hannu ɗaya jaka, ɗaya lemu. Maigida Levi ya ce to shi da wane hannu zan ja shi?

Lahadi, 22 ga Fabrairu
Ganye na naɗewa. Ƙarƙashinsa fararen ƙwari kamar auduga, yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Ko wa'azi ban ji ba yau a coci.

Talata, 3 ga Maris
Na barbaɗa toka. Na ƙara ruwa safe da yamma, sai ganye ya koma rawaya, ƙasar har wari take. Bintu ta kira ni a waya, tana tambayar lemun: "Maman Precious, yaya ɗana?" Na ce yana fama, ban faɗi iyakar faman ba. Da wane ido zan kalle ta?

Alhamis, 5 ga Maris
Baba Kwaji ya leƙo, ya daɗe yana kallon bokitin da jakar. "'Yata, masu bindiga ba su kashe shi ba, ke za ki kashe shi da tsoro. Itace yana zama a ɗaki?" Ya huda gindin bokitin da ƙusa, baƙin ruwa ya zubo. Muka daka ganyen dogon yaro, muka jiƙa, muka tace, muka sa ɗan sabulu. Ganye ɗaya-ɗaya na goge da tsumma, da yamma, don kada rana ta ƙone shi. Na fitar da shi tsakar gida, amma raina bai so nisansa da ƙofa ba.

Juma'a, 20 ga Maris
Sabon toho biyu! Na kai wa Baba kunun gyaɗa.

Alhamis, 16 ga Afrilu
Ƙwarin sun ɗan dawo, na sake wanke su. Yanzu na san su, sun san ni. Saiwa ta fara leƙowa ta ramin ƙusa.

Asabar, 6 ga Yuni
Bintu ta kira. Mijinta ya kama shago a Yola, ba za su dawo ba. Na ce zan aika mata lemun a mota. Ta ce, "A'a. Ya gaji da yawo. In ya yi 'ya'ya ki aiko min."
An yi ruwa jiya, ƙasa ta yi laushi. Na yanka bokitin, na dasa shi bayan madafa. Don saiwar ce kawai, wuri ya yi mata kaɗan.
Levi ya tambayi ina jakar bayan ƙofa. Na ce na zazzage ta, ina neman zanen zuwa coci.