Ciwo a Ɗakin Kifin Shigeru

Zuwa ga Yaya Shigeru, asibitin Nagaoka.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan karayar ƙafar tana haɗuwa. Nan kan dutse dusar ƙanƙara ta fara sauka.

Kifayenka na ado, koi ɗin nan, duk sun bar tafki. Maƙwabcinmu Genzo da surukinsa ne suka ja koma, muka kwashe su zuwa tankunan ɗakin kifi, na kunna tukunyar ɗumama ruwa kamar yadda ka ce. Uwar kifin Genzo, jar nan mai farin kai, ita ma tana wajenmu, don tankinsa ya tsage.

Yaya, akwai abin da ya hana ni sukuni. Kifayen da ka sayo a gwanjon kaka sun daina cin abinci. Suna taruwa a bakin famfo suna haki, idanunsu sun faɗa. Jiya na tarar da biyu sun kife. Na ɗaga murfin kunnen ɗaya, inda ya kamata a ga ja sai fari, ya zagwanye. Ka san ciwon da nake tsoro. Ban iya rubuta sunansa ba.

Me zan yi? Ka huta lafiya.

Ƙanwarka, Tokiko.

*

Tokiko,

Na gaishe ki. Ƙafa da sauƙi, abincinsu ne ba gishiri.

Kada ki gaya wa kowa. In hukuma ta ji, za a kashe duk abin da ke numfashi a ɗakin nan, har iyayen kifin da Baba ya bar mana. Ki binne matattun, ki kashe tukunya. In ruwa ya yi sanyi ciwon kwantawa yake. Ki rufe ƙofa har na dawo. Da ma ke tun kina ƙarama inuwarki ma tsoro take ba ki.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, hanya ce ta toshe, sai yanzu motar wasiƙa ta fara hawowa.

Na kashe tukunya, mutuwar ta tsaya. Amma suna nan a ƙasan tanki ba motsi, kuma na san abin yana jikinsu. Duk safiya sai na daɗe a bakin ƙofa kafin na iya buɗewa. Na yi ta tunanin bazara: in muka mayar da su tafki, ruwanmu ne ke gangarawa tafkunan ƙauyen nan duka.

Shekaranjiya Genzo ya zo da baho a kan amalanken da ake ja kan ƙanƙara, wai ya gyara tankinsa, zai ɗauki jar uwar kifinsa ya haɗa ta da sauran nasa. Yana ta zolayata, wai na rame kamar busasshen kifi, ko kewar masifarka nake yi. Ya kama ƙofa. Na sha gabansa.

Na ce, “Genzo, kada ka shiga. Ko takalminka kada ya taɓa ciki.”

Ya dube ni, dariyar ta ɗauke. Ya tambaye ni tun yaushe, na faɗa masa komai, har da abin da ka umarce ni. Ya daɗe yana kallon bahonsa, sannan ya ce in zo gidansa mu buga wa hukuma waya.

Ma'aikatan hukuma sun zo sanye da fararen kaya, sun ɗauki kifi uku, sun ɗaure ƙofar da igiya. Sun ce mu jira. Ba na iya cin abinci. In ba za ka sake yi mini magana ba, na ji.

Ƙanwarka, Tokiko.

*

Shigeru, tsohon gurgu,

Gaisuwa. Tunda ka ƙi amsa wa ƙanwarka, ni na rubuto.

Ciwon ne. An gama da su ranar Talata, da naka da jar tawa. Tokiko ta ƙi barin baƙi su ɗauki iyayen kifin babanku, ita ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a hannunta. An gwada sauran tankunan ƙauye, duk lafiya.

Ban gaya wa kowa abin da ka ce mata ba. Tana nan gidanmu, matata na fama ta sha ko miya. Ka rubuto mata yau. Ni kada ka rubuto mini tukuna.

Genzo.