Na Ba Ciwon Surukina Ranar Laraba

Hajiya Zulai, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni. Na rasa wanda zan kai wa wanga al'amari bai yi mini dariya ba, ke kuwa ko kin yi ba zan ji ba.

Ni tela ne a kasuwar Bodinga, shekara goma sha bakwai ina kan keke. Ba yabon kai ba, har daga Danchadi ake zuwa neman wuyan kaftanina. Aibina guda ne, kuma kowa ya san shi: alkawari. In na ce wa mutum Talata, shi da kansa ya san Talatar sama nake nufi. To, bana bayan ƙaramar Sallah wata ƙungiya ta shirya wa masu sana'ar hannu bita ta kwana biyu. Wani malami mai tabarau ya ce abin da ya raba mu da manyan attajiran duniya tsari ne kawai. Aka raba mana dayari, wato littafin tsara ayyuka, mai baƙin bango, kowace rana da shafinta, kowace awa da layinta.

Hajiya, na kamu da son littafin nan. Na sayi rula da biro kala uku: ja na gaggawa, shuɗi na sana'a, baƙi na iyali. Kullum da safe sai na share awa guda ina tsara yinina. In na rubuta "gama rigar Alhaji Bawa" na ja layi a ƙarƙashi, wani sanyi nake ji a raina kamar na riga na gama ta. Rigar tana nan a rataye ba hannu guda. Sau tara ina ɗaga ta daga shafi zuwa shafi. Wani lokaci ma in na yi abin da ba ya cikin tsari, kamar shan fura, sai in koma in rubuta shi don in samu abin yi wa maki, wato alamar an gama.

Ga inda abin ya ɓaci. Wata Alhamis aka bugo wa matata Hasiya waya daga Mandera, can ƙasar Shagari, cewa mahaifinta Baba Sodangi yana kwance, ƙafarsa ta kumbura. Ta ce mu tashi mu tafi. Na buɗe littafi, na ga Alhamis ta cika, Juma'a kuma ranar bitar tsarin mako ce. Na nuna mata da bakin biro inda na samo wa Baba wuri: Laraba mai zuwa, bayan la'asar. Har da jan biro na rubuta, don ta san na ɗauki abin da muhimmanci. Ta kalle ni, ta tafi ita kaɗai ta dawo.

Ranar Litinin ina shago sai ga kabu-kabu ya tsaya. Baba Sodangi ne, da sandarsa, ƙafa a naɗe. Ya zauna kan bencina gaban maƙwabta da masu karɓar ɗinki, ya ce ya ji labarin ayyuka sun yi mini yawa, shi ya sa ya kawo mini ciwon har Bodinga in duba, kada ya warke kafin Laraba ya ɓata mini tsari. Na durƙusa ina gaisuwa. Har yau in na ratsa layin masu albasa sai wani ya tambaye ni ko akwai fili ranar Laraba.

Bayan kwana biyu Hasiya ta buɗe littafin ina masallaci. Ta tarar da "hira da Hasiya, minti sha biyar" tsakanin "gyaran fitila" da "wanke babur", kuma na yi masa maki har a ranakun da ban ce mata ko sannu ba. Washegari na dawo na iske gida shiru. A shafin ranar, da baƙin birona, an rubuta: "Hasiya ta tafi Mandera, ƙarfe goma." Ta yi masa maki da kanta. Na bi shafukan har ƙarshen shekara, ba ta rubuta ranar dawowa ba. Yau kwana shida, ba ta ɗaga wayata.

Hajiya, niyyata in gyara halina ce. Shin littafin ne ba shi da amfani, ko ni ne? In ƙona shi? In kuma zan je biko, wace rana kike ganin ta fi dacewa? Asabar tana da ɗan sarari da hantsi.

Naki,
Tela Mai Biro Uku, Bodinga


Wa alaikumus salam, Malam Tela.

Na yi dariyar, kuma ba ka ji ba. Amsar tambayarka ta ƙarshe: yau. In ka gama karanta wannan, ka rufe shago, ka sayi goro, ka hau babur.

Kada ka ƙona littafin, ba shi ya yi laifi ba. Hasali ma ya yi maka aikin da babu abokin da ya taɓa yi maka: ya nuna maka a rubuce cewa sau tara ka saɓa wa Alhaji Bawa. Amfanin irin wannan littafi ke nan. Yana riƙe maka abin da kai zai manta, yana kuma hana bakinka ɗaukar alkawarin da hannunka ba zai iya ba. Kai kuwa ka mai da shi wurin hutawa. Kana karɓar daɗin gama aiki tun ba ka zura zare a allura ba.

Niyyarka mai kyau ce, ban raina ta ba. Mutumin da ya gane aibinsa bayan shekara goma sha bakwai ya tashi neman magani ya cancanci a yaba masa. Ita ma Hasiya da ta zaunar da kai ta faɗi abin da ke ranta kafin ta ɗauki mayafi, da ya fi. Sai dai ka yi mata adalci. Mace ta ga sunanta tsakanin fitila da babur, wane fili ka bar mata na magana? Cikin ku biyu ma ita ce ta fahimci littafin: ta rubuta abu guda, ta aikata shi a kan lokaci.

In kun dawo, ka rage tsarin. Abu uku a rana sun isa, ka rubuta su cikin minti biyar ka tashi. Aikin da ka ɗaga sau biyu, a rana ta uku ko dai ka gama shi, ko ka je ka faɗa wa mai shi gaskiya. Kada ka yi wa komai maki sai ka ga abin a hannunka. Ka bar rabin shafi fari, domin ciwo da rasuwa da baƙo ba sa aiko da sanarwa. Matarka da iyayenta kuwa ka fitar da su daga layin awa gaba ɗaya.

In ka isa Mandera, ka fara da Baba. Ka zauna ƙasa, ka amsa laifinka ba tare da bayanin bita ba. In ya yi maka ba'a ka haɗiye, kai ka jawo ta. Kada ka duba agogo, kada ka tambayi yaushe za ta haɗa kaya. Ka zauna har sai su da kansu sun gaji sun sallame ka.

Allah ya ba Baba lafiya, ya sanyaya zuciyar Hasiya, ya kuma sa Alhaji Bawa ya ga rigarsa da hannu biyu.

Taku,
Hajiya Zulai