Zaren Auna Gada

Ittu 'yata,

Na ji mijinki Bassu lafiya, jariri Yidir yana kama nono, ke ce ɗinkin haihuwa bai warke ba. Ni lafiya lau a Agadir, sai yatsun da ƙanƙarar kamfanin kifi ta ƙage. Ki yi haƙuri da rubutun.

Kada ki goya shi, ɗinkin zai buɗe. Na ga keken jarirai mai manyan tayoyi da nake son saya miki. Na sa kankana ciki na tura kan duwatsu, mai shago yana cewa, "Baiwar Allah, jikan naki ya nuna kuwa?" Ba ta faɗo ba.

Damuwata siririyar gadar hanyar asibiti, ko keken zai wuce ta. Bassu ya auna faɗinta da zare, ki saka zaren cikin amsarki kafin Alhamis, ranar da motar ƙauyenmu ke tasowa nan.

Uwarki,
Hadda