Wai Gonata Ce Ke Ɗumama Duniya

Asabar, 17 ga Fabrairu, 2024

Yau an ci mutuncina a bainar jama'a, kuma 'yar cikina aka sa ta yi.

Taron iyayen yara ne a makarantar su Fa'iza. Na bar gona tun hantsi, na yi wanka, na sa farar shaddata, don ta ce za ta yi jawabi. 'Yar ajin ƙarshe ce, ita aka zaɓa a duk 'yan matan. Ina layi na biyu ina ta washe baki. Ta karɓi lasifika ta ce duniya tana ƙara zafi saboda wasu iskoki da ke taruwa a sama suna hana zafi fita. To, wannan ko a rediyo ana faɗa. Sai kawai na ji: "Misali, gonar mahaifina. Idan ruwa ya daɗe kwance a kan shinkafa, taɓon yana fitar da wata iska mai suna miten, tana cikin masu riƙe zafin nan."

Gonar mahaifina! Kowa ya waiwayo. Uba, maƙwabcina na gona, har da buga ƙafa don dariya.

Shekara ashirin da shida ina noman rani a wutsiyar kanal ɗin nan, inda ruwa ba ya isowa sai na sama sun ƙoshi. Da shinkafar nan na sa ta a makaranta. Ashe ni Iliyasu, sakataren ƙungiyar masu ban ruwa, ni na ɗumama duniya. Ba masu jirage ba, ba masu masana'antu ba. Ni.

Ba laifinta ba ne. Malaminsu na labarin ƙasa, wani Abdulsamad, shi ya cusa mata.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

A teburin mai shayi Uba ya ce a ba ni nawa da sanyi, wai ni da kaina zan ɗumama shi. Na tashi ban sha ba.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Na rubuta takardar ƙorafi a kan malamin, mutum tara suka sa hannu. Ban sha wuyar samun su ba, don malamin nan bai bar kowa ba: ya ce wa yara ƙona tattaka illa ne, ya ce gyatsar shanu ma tana fitar da iskar. Gyatsar saniya! Na kai wa shugaban makaranta da hannuna. Ya karanta yana gyaɗa kai, ya ce dama yaron ya cika iyayi, kullum sai ya kwashi ɗalibai zuwa bakin kanal ba izini. Ya ce in bar masa.

Na dawo da sauƙin rai.

Juma'a, 23 ga Fabrairu

Fa'iza gaisuwa kawai. "Ina kwana, Baba," ta wuce.

Matata Iyatu tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Malam, yarinyar nan fa ita ta rubuta abinta. Kwana uku tana yi. Ta sa gonarka ne don ita ta fi sani, kuma tana alfahari da ita." Na ce wannan wane irin alfahari ne. Ta ce in tambaye ta mana, ai ba a Legas take ba.

Ban tambaya ba.

Asabar, 2 ga Maris

Malamin ya zo har gona. Ban zaci haka yake ba. Siriri ne, takalminsa ya sha ɗinki, ya jingine tsohon babur a gindin darbejiya. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce Fa'iza ta ce raina ya ɓaci, ya zo ba da haƙuri a kan ambaton gonata. Na ce haƙuri daban, ƙarya daban. Wace iska ce a taɓo da ni mai taka shi kullum ban taɓa gani ba?

Ya ce, "Baba, ka ba ni izini in nuna maka?"

Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, muka je kwarin nan na gabas inda na binne tattakar bara, ruwa ba ya ɗaukewa a wurin. Ya fito da gorar roba da aka yanke gindinta, ya nutsa ta ta cika, ya ɗaure murfin, ya ce in riƙe. Ya riƙa caka sanda a taɓo. Kumfar nan da na saba gani tun ina yaro ta riƙa tasowa tana shiga gorar. Da ta taru, ya ƙyasta ashana, ya kwance murfin.

Wuta. Shuɗiya-shuɗiya, ta yi fuu, ta lashe min gashin yatsa ta mutu.

A cikin ruwa! Na yi a'uziyya. Ya ce ba tsafi ba ne, tattaka ce ke ruɓewa inda ruwa ya toshe iska. Ya ce in dubi yadda mata ke rufe tukunyar turara shinkafa da buhu don kada zafi ya fita, to haka iskokin nan suke yi wa duniya.

Na ce na ji. Amma nawa nake fitarwa, nawa waɗancan na ƙasashen waje suke fitarwa? Na zaci zai yi gardama. Sai ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Naka bai kai komai ba a kan nasu. Sai dai zafin a kanmu yake sauka. So nake yaran nan su san abin da ke samun ƙasarsu, kada su jira wani ya zo daga nesa ya faɗa musu."

Ya kuma ce akwai dabara: a huda bututun roba a kafa a gona, a bar ruwa ya janye, sai an leƙa an ga ya sauka kusan taƙi ɗaya a ƙarƙashin ƙasa sannan a sake ban ruwa. Wai iskar ta ragu, ruwa ma ya yi auki. Na ce shinkafa ba gero ba ce, ya je ya koya wa ɗalibansa.

Ya yi godiya ya tafi. Bai ambaci takardar ba. Ina jin bai san da ita ba. Ni ma ban ambata ba.

Litinin, 11 ga Maris

An ɗauki azumi. An kuma sanar cewa ruwa sai bayan kwana takwas-takwas a layinmu, wai madatsa ta yi ƙasa. Na sama suna da injin ja, mu na wutsiya muna da haƙuri. Zafi tun ƙarfe tara kamar tsakiyar Afrilu. Da can a irin wannan lokaci da mayafi muke fita sallar asuba.

Alhamis, 14 ga Maris

Fa'iza ta dawo ido jawur. An ɗauke Malam Abdulsamad, an mai da shi wata makaranta a Madobi. Ba a turo kowa a madadinsa ba. Jarrabawar fita saura wata biyu da 'yan kwanaki.

Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa ta ce, "Baba, an ce iyaye ne suka kai ƙara." Na ce ta je ta taya uwarta aikin buɗa-baki.

Juma'a, 15 ga Maris

Na je wurin shugaban makaranta da azumi a bakina, raina a ɓace. Wa ya ce a kori mutum? Jan kunne na nema! Ya za a bar yara ba malami ana gab da jarrabawa? Wannan wane irin shugabanci ne?

Ya jawo durowa, ya miƙo min kwafin takardar. Ya ɗora yatsa a layin ƙarshe. "Muna roƙon a ɗauke mana wannan malami." Rubutuna ne, har da jan layi a ƙarƙashi.

Ya ce, "Malam Iliyasu, abin da kuka roƙa na tura gaba."

Ai shi ya kamata ya san mutum yana rubutu cikin fushi. Don me aka ba shi kujerar? Dama neman hanya yake, ya samu a bayana. Munafuki.

Amma dai jan layin nawa ne.

Laraba, 20 ga Maris

Kwana biyar ba ruwa, fuskar gona ta fara tsagewa. Uba ya je sama ya fasa toshiyar wani, aka yi ta zage-zage da azumi, har an yaga masa riga. Ni ba ni da ƙarfin wannan.

Akwai guntun bututu a bayan ɗaki tun gyaran rijiya. Na yanka, na huda da ƙusa mai zafi. Ba don maganar kowa ba, so nake in ga ko akwai ruwa a ƙasa kafin in je in yi faɗa a banza. Na kira Fa'iza ta nuna min zurfin da malamin ya ce. Ta nuna da hannu, ta ce a kwashe ƙasar cikinsa tas, ta koma ciki. Ko kallona ba ta yi ba.

Alhamis, 21 ga Maris

Akwai ruwa. Yatsa huɗu a ƙarƙashin ƙasar da na rantse ta bushe.

Talata, 2 ga Afrilu

Zagaye na biyu ke nan, shinkafa ba ta mutu ba. Kore shar, ta yi 'ya'ya. Na tumɓuke ɗaya, saiwar fara, doguwa. Uba ya leƙa bututun ya ce ko rijiya nake haƙa wa kwaɗi. Da yamma na hango shi yana auna bakin bututun da yatsu.

A rediyo wani babban mutum yana cewa manoman shinkafa su rage gurɓata iska. Daga ɗaki mai sanyi yake maganar, ina jin ƙarar na'urar a bayansa. Ko sau ɗaya ya taɓa tsayawa a gona ƙarfe biyu na rana da azumi? Su ɓata, mu gasu, sannan su zo su yi mana wa'azi. Na kashe rediyon.

Laraba, 10 ga Afrilu

Sallah. A filin idi mutum biyu suka faɗi don zafi. Fa'iza ta kawo min tuwo da kanta, ta ce barka da Sallah, ta ɗan zauna. Littafinta na labarin ƙasa yana hannunta ko yau. Su goma sha ɗaya ne masu rubuta darasin, suna haɗuwa suna karanta wa juna abin da ba su gane ba.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Shinkafa ta fitar da kai, amma na murza zangarniya, kusan kashi ɗaya cikin uku fanko ne. Ba tawa kaɗai ba. Ta Uba haka, ta na sama masu injin ma haka, su da ruwa bai taɓa yanke musu ba. Ke nan ba ƙishirwa ba ce. Na kiyaye ruwa a kanta tun da ta yi ciki, kamar yadda Fa'iza ta ce malamin ya ce. Ba tsutsa, ba cuta a ganye. Kawai ba ƙwaya.

Na kawo zangarniya uku gida na ajiye a gabanta. Na ce, "Ke da kika san komai a kan gonar mahaifinki, mene ne wannan?"

Ta juya su a hannu. Ta ce tana jin zafi ne ya kama furen, malaminsu ya taɓa cewa akwai darasi a kan yadda zafi ke hana amfanin gona ɗaukar ƙwaya, da yadda ake matsar da lokacin shuka. Na ce to, matsarwa zuwa yaushe? Gaba ko baya? Kwana nawa?

Ta ce, "Ba mu kai wurin ba aka ɗauke shi, Baba."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Da ma da rashin kunya ne.

Laraba, 24 ga Afrilu

Na je Madobi neman irin albasa. An ce nasu ya fi. Ban samu mai kyau ba.

Tunda na riga na je, na bi ta makarantar. Na samu Malam Abdulsamad a gindin mangwaro yana duba littattafan yara. Ya miƙe da sauri, ya ba ni kujerarsa, ya fara tambayar Fa'iza da sauran. Na fito da zangarniyar daga aljihu, don dama tana ciki. Ya ce lallai zafi ne, in furen ya buɗe a tsakiyar irin wannan rana ba ya ɗauka. Ya ce yana ganin da dashen ya riga haka da mako biyu ko uku da ta tsere wa zafin, amma sai an yi hankali da sanyin farko, kuma ni na fi shi sanin wannan. Ya tambaye ni ranakun dashena na shekarun baya. Na ce duk suna rubuce a gida. Ya ce, "Duka?" kamar na ce ina da rijiyar mai.

Na ce masa takardar nan ni na rubuta. Ya ce ya sani, tun kafin ya zo gonata shugaban makaranta ya nuna masa.

Sai na yi ta faɗa a kan shugaban makarantar. Ya bar ni na gama.

Zai riƙa zuwa ran Asabar da safe har a gama jarrabawa. Ba a makaranta ba, a zaurena. Ni ban roƙe shi ba, cewa kawai na yi zauren yana nan ba abin da ake yi da shi. Don yaran ne.

Na ce wa Iyatu a share zaure, a aro kujerun roba na ƙungiya guda goma sha uku. Ta ce ai 'yan matan goma sha ɗaya ne, da malam sha biyu.

Na ce sha uku na ce.