Daura biyu ce, kwamfutata ɗaya ta sani

Assalamu alaikum Goggo Tasalla. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana, domin yau kwana tara ke nan ko tuwo na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa.

Ni 'yar Rogo Ruma ce. Na karanta ilimin kwamfuta, na dawo gida na shekara biyu ba abin yi sai ɗinkin hula. Bara wata ƙungiyar manoma da ke aiki a Karaye da Rogo ta ɗauke ni in mayar da rajistar membobinta daga littafi zuwa kwamfuta. Wanda ya tsaya mini shi ne Malam Lado, tsohon malamin gona, aminin marigayi mahaifina. Da wasu suka ce yarinya ba za ta iya ba, shi ya ce a ba ni, in abu ya ɓaci a kama shi.

Bana ƙungiya ta samu ingantaccen irin gyaɗa da za a raba kafin shuka. Malam Lado ya hau babur ya zaga ƙauyuka yana rubuta sunaye, aka jibge mini takardu, shugaban ƙungiya ya ce kwana uku ya ba ni. To, mu masu wannan sana'a muna da kayan aikin da ke rage wahala. Akwai manhajar da za ki ba ta samfurin bayanai kaɗan, ita kuma ta tsara miki ƙa'idojin tantancewa: suna ya zama kaza, lambar waya ta zama kaza, wanda bai cika ba kada ya wuce. Kamar rariya dai. Na ba ta sunaye hamsin, kafin in gama shan ruwa ta saƙa mini rariyar. Har wani girman kai na ji, Allah ya yafe mini.

Da farko ta yi ta ƙin karɓar su Ja'afar da Mu'az da Ɗanmaliki, saboda 'yar alamar nan ta tsakiyar suna da baƙi mai lanƙwasa. Na gyara ina dariya, a zatona na kama ɓarawon. Ashe babban yana baya. Dokar ƙungiya ita ce irin na 'yan jihar Kano ne kawai, shi kuwa Malam Lado sunan gari ya rubuta, bai sa jiha ba, don wa zai ce sai an sa? Sai na rubuta wani ɗan gajeren umarni, sikirif muke ce masa, layi goma sha biyu kacal. Aikinsa ya duba sunan gari a wani jerin garuruwa da na sauko da shi daga intanet, ya cike jihar da kansa, wanda ba ɗan Kano ba ya cire shi. Goggo, jerin nan Daura ɗaya ya sani, ta Katsina. Daurarmu ta Karaye ba ta ciki. Mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya ya share bai ce uffan ba, ni ma don sauri ban duba ba. Ni da na taɓa zuwa biki Daurar tamu har na kwana biyu ina cin tuwonsu.

Ranar rabo mutanen Daura suka zo da buhunansu, aka karanta sunaye har ƙarshe, babu nasu ko ɗaya. Kafin la'asar magana ta zaga cewa Malam Lado ne ya jefar da takardarsu don ya ƙara wa mutanen Beli, da yake matarsa 'yar can ce. Yanzu in ya shiga kasuwa nuna shi ake yi da baki. An ce wani da suka shekara talatin suna gaisawa ya ƙi ba shi hannu a ƙofar masallaci.

Ni kuwa washegari na gano. Na buɗe kwamfuta, na gani, na ja bakina na yi shiru. Abin da ya fi ci mini rai, Malam Lado da ƙafarsa ya zo ofis, ya zauna, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ce, "'Yata, ko dai ni ne na manta takardar a wani wuri? Kin san tsufa ya zo." Na ce masa zan duba. Wallahi takardar tana cikin durowata da rubutunsa mai kyau, ko suna ɗaya bai tsallake ba.

Asabar ɗin nan za a yi taro, kuma na ji za a sauke Malam Lado daga aikin ƙungiya. Tsoro nake ji, Goggo. In na faɗa, za su ce da ma sun faɗa, su kore ni, su koma littafi, kuma babu 'yar da za a sake ba wa irin wannan aiki a yankinmu. Wata zuciyar tana ce mini in gyara jerin a ɓoye, in ce na'ura ce ta samu matsala, tunda ba wanda ya san kanta sai ni. Sauran iri yana sito amma ba zai ishe su duka ba, ga ruwa ya fara sauka. Yaya zan yi?

'Yarki, Mai Rariya, daga Rogo.

Wa'alaikumus salam, 'yata. Saboda Asabar ɗin nan na aika miki da amsar tun kafin a buga ta a jarida. Na ji tausayinki ƙwarai, amma ba zan ɓoye miki ba, na tsohon nan ya fi kama ni.

Bari in fara da abin da ba naki ba. Aikin sati biyu aka ba ki a kwana uku, kuma sauri ya haifi nawa. Kayan aikin da kika ɗauka ba abin kunya ba ne. Na tambayi ƙawata Hajiya Rumasa'u, wadda ta shekara ashirin a sana'arku, ta ce kowa da su yake aiki, kuma ba ta san wanda bai taɓa ƙonewa ba. Wanda ya haɗa jerin garuruwan nan wataƙila bai taɓa jin sunan Karaye ba. Wannan kuskure ne, kuma kuskure yana da gyara.

Amma shirun kwana tara ba kwamfuta ce ta yi shi ba. Kuskuren iri ya hana mutane, shirun kuwa mutuncin dattijo yake ci, har ya kai shi ga zargin hankalinsa. Batun ki ce na'ura ce, ki bar shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu zarginsa za su ce rufa masa asiri kika yi don aminin babanki ne. Sannan in na'ura ce ke cinye sunaye haka kawai, to ai kin ba su hujjar komawa littafi da hannunki.

Kada ki jira taro. Gobe da safe ki ɗauki takardar nan, ki nemi mahaifiyarki ko kawunki ya raka ki gidan Malam Lado, ki durƙusa ki gaya masa komai. Shi ya kamata ya fara ji. Daga nan ku je wurin shugaba da gyararren jeri a hannu. Ranar Asabar ki faɗa da Hausar da kowa zai gane: Daura biyu ce, ke kika haɗa su, Malam Lado bai yar da kowa ba. Ki roƙi a raba musu sauran irin nan take, wanda bai samu ba a fara da shi a rabo na gaba. Kuma a je Daura a maimaita a gaban mai gari, domin inda aka ɓata suna nan ake wanke shi.

A kan aiki, Hajiya ta ce kada umarninki ya sake share kowa da kansa. Ya ware su gefe, ki bi da ido. Ki riƙa duba mutum nawa suka shiga, nawa suka fito, kuma samfurinki ya taɓo kowace mazaɓa. Ni kuma na ƙara da cewa duk jerin da zai fita, wanda ya taka ƙauyukan da ƙafarsa ya karanta shi tukuna.

Za su iya korarki? Za su iya, ba zan yaudare ki ba, ko da yake mutane sun fi riƙe wanda ya ce ni ne a kan yadda muke zato. In ma hakan ta faru, iliminki yana kanki. Ke kina da shekarun da za ki sake neman aiki, shi ba shi da shekarun da zai sake neman suna.

Allah ya ƙarfafa zuciyarki, ya sanyaya tasa, ya ba mutanen Daura damina mai albarka.

Goggo Tasalla