Takardar Gargaɗin da Kuka Aiko wa Marigayi Babana

Zuwa ga Alhaji Mamudu, Shugaban Kwamitin Raya Shugabanci na ƙungiyarmu ta Zango, Wagadugu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku sannu da aiki, duk da ban san wane aikin ba ne.

Ni ce Rakiya, 'yar Malam Idi Tela, wanda yake ɗaya daga cikin mutum bakwai na majalisar gudanarwa, wadda muke kira biro. Ranar Talata sakatarenku ya zo har gida a kan babur, ya miƙa wa Inna takarda mai hatimi. Da yake ba ta jin Faransanci, ni na karanta mata. An rubuta cewa Baba ya ƙi halartar taro sau uku a jere ba tare da uzuri ba, kuma in ya sake, za a ɗauki mataki a kansa. Inna ta sa na maimaita, sannan ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci abinci ba.

Ranka ya daɗe, Baba yana da uzuri. Ya rasu bayan Sallar Layya. Kuna sahun gaba a wajen jana'izarsa, kuma ku kuka fi kowa daɗewa a addu'ar bakwai.

Na farko. Dokar ƙungiya ta ce aikin kwamitinku shi ne ya nemo sababbin mutane, ya horar da su, ya kai sunayensu gaban babban taro duk lokacin da kujera ta zama babu kowa. Horarwa kam, masha Allah, ba ku da na biyu. Sau uku kuna kwasarmu, mu takwas, zuwa wani zaure a unguwar Dasasgo. Mun manna takardu masu launi a bango, mun tafa, mun ci burodi da kifin gwangwani. Takardun shaida uku gare ni, har na sa musu gilashi. Amma duk shekara sai ku ce ba mu nuna ba tukuna. Alhaji, jikokina biyu. In na ƙara nuna, ai sai ruɓewa.

Na biyu. Mu ƙirga biro ɗin tare. Baba ya rasu. Alhaji Sule ya riga shi da shekara biyu, kuma har yau ana kiran sunansa a farkon kowane taro, a ɗan dakata ko zai amsa. Hajiya Zali ta koma Kumasi wajen 'ya'yanta. Malam Buba ba ya iya fita ko ƙofar gida. Saura uku, alhali doka ta ce sai mutum huɗu sun sa hannu kafin takarda ta zama takarda.

Da na tambayi sakatare dalili, sai ya sunkuyar da kai ya ce a Zango ba a soke sunan dattijo, rashin kunya ne. To madalla. Soke sunan mamaci rashin kunya ne, amma aika wa matarsa takardar gargaɗi ladabi ne. Wannan darasin ba ku koya mana a Dasasgo ba.

Na uku, kuma shi ya hana ni yin shiru. Ajin ɗinkin da Baba ya kafa yana cikin ɗakin da hukumar gari ta ba ƙungiya aro. An sanar da ku cewa in ba a sabunta takardu kafin ƙarshen watan nan ba, za a ba wasu ɗakin, kuma hukumar ba ta yi laifi ba. Kekuna shida ne a ciki, biyu Baba ya ɗauko daga shagonsa. Matan da ke koyo a can, wasu tun daga unguwar Larle suke takowa, kullum sai sun tambaye ni ko su fara kwashe kaya. Wallahi abin yana ci mini rai.

Buƙatuna ba su da yawa. Ku kira babban taro kafin Juma'a mai zuwa. Ku kai sunaye huɗu daga cikin waɗanda kuka horar. Ba sai da nawa ba, don kada a ce kujerar ubana nake nema. Sannan ku zo da ƙafarku ku ba Inna haƙuri, kada ku aiko sakatare.

In kuma kun ga har yanzu ba mu nuna ba, ga shawara. Ku ɗauki rajista ku biya ta gidan Malam Buba a sa shi a mota, ku wuce maƙabarta ku yi taron a can. Baba da Alhaji Sule suna kusa da juna, zan nuna muku wurin. A can ne kawai adadinku zai cika.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ranar da taku ta zo, Allah ya sa a samu mai tausayin da zai soke sunanku, ya bar iyalinku su yi kukansu cikin natsuwa.

Wassalam.

Rakiya Malam Idi,
Zango, Wagadugu.